Jagaban Sama: Fort-Lamy da Ilmin Gane Hanya

Ayarin fatake na da yana da madugu, yana kuma da jagaba, wanda ya san rijiyoyi da taurari. Jirgin yaƙi ma haka yake. Ana yabon matuƙi, amma a Yaƙin Duniya na Biyu ran kowa yana hannun hafsan da ke riƙe da taswira da kamfas da agogo.

A watan Agustan 1940 Gwamna Félix Éboué ya sa Chadi ta bi Janar de Gaulle. Wannan ya buɗe wa Ingilishi hanyar kai jirage Masar. A kan harhaɗa su a Takoradi, cikin Gana ta yau, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Fort-Lamy, wadda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973, sannan Hartum da Alƙahira. Ƙananan jiragen Hurricane mutum ɗaya suke ɗauka, don haka sai su jeru bayan jirgin Blenheim mai jagaba. Aikin jagaba lissafi ne: gudun jirgi, ƙarfin iska, mintunan da aka ci. Ran hari kuma shi ke saita bam ya sake shi, shi ya sa ake haɗa masa horon biyu.

Kuskure kaɗan ya isa. A Fabrairun 1941 wani Blenheim na Faransawa ya ɓace bayan harin Kufra a Libiya. Sai a 1959 aka tsinci jirgin da gawarwakin mutanensa uku cikin hamada. Ranar 21 ga Janairun 1942 jirgin Jamus ƙirar Heinkel ya keto Sahara ya ƙona ma'ajiyar mai ta Fort-Lamy, amma a hanyar komawa mansa ya ƙare, ya sauka cikin rairayi, sai da aka yi kwanaki ana neman mutanensa.

A Janairun 2025 Faransa ta miƙa wa Chadi sansanin Adji Kossei na Njamena. Ana iya sayen jirgi cikin wata guda, amma hafsan da zai kai shi Tibesti, ya bambanta motar mayaƙa da ta 'yan kasuwa kafin ya harba, ya kuma dawo da shi gida ko tauraron ɗan'adam ya ɗauke, sai an yi shekaru ana horar da shi.