Babban Gwani, maginin Masallacin Juma'a na Zariya

Mutane da dama a arewacin Najeriya sun san unguwar Babban Gwani a birnin Zariya, amma kaɗan ne suka san mutumin da ta ci sunansa.

Shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, magini mafi shahara a Daular Usmaniyya a ƙarni na 19.

Babban aikinsa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Da tubali da azara kawai ya yi aikin. Azara ba ta jure nauyi idan tazara ta yi faɗi, don haka sai ya riƙa jera ta a cikin laka, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har baka ya tashi daga ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa a sama. A kan waɗannan bakuna ne aka ɗora rufi, lamarin da ya ba da fili mai faɗi ga masallata. Ko a yau injiniyoyi na jinjina wa wannan lissafi da aka yi ba tare da takarda ba.

Ana kuma danganta masa Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a jihar Bauchi, wanda aka sanya cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1956.

Tarihin baka ya ce wani sarki ne ya sa aka kashe shi, don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa.

Irin wannan gini ya ci gaba bayansa. Da ƙasa aka gina Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, kuma ana ganin salon har bayan an tsallake iyakar Jibiya zuwa Maraɗi da Damagaram.

Sai dai siminti ya yi galaba. A shekarun 1970 aka lulluɓe masallacin na Zariya da sabon gini, bayan an rushe wasu sassansa.

Masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.

A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin sallar La'asar, inda masallata suka rasa rayukansu.