Shagon kafinta na gida

Shagon kafinta na gida ɗaki ne ko rumfa da mutum yake warewa a harabar gidansa domin aikin katako, ko dai don sha'awa ko don neman abin kai. Galibi akan gyara ginin da yake akwai ne, kamar gareji, tsohon sito ko ɗakin bayan gida, sau da yawa kuma akan raba shi biyu, ɓangare ɗaya na aiki, ɗaya na ajiyar kayan gida. Amfanin irin wannan wuri ya dogara ne a kan bushewarsa, faɗinsa, wutar lantarkinsa da hanyar fitar da ƙura daga cikinsa. Saboda haka gyaran ginin ne yake zuwa farko, kafin sayen injuna.

Tarihi

Kafin zuwan masana'antu, kafintoci da masassaƙa da yawa a gidajensu suke aiki, ko a shagon da ke manne da gidan. Kafintan nan na birnin Faris, André-Jacob Roubo, ya bayyana tsarin shagunan zamaninsa a littafinsa L'Art du Menuisier, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1769 da 1775. Har yanzu ana ƙera teburin aiki mai kauri irin wanda ya zana, ana kuma kiran teburin da sunansa.

Shagon gida mai aiki da lantarki ya yaɗu a Amurka a ƙarni na 20, bayan da aka soma ƙera ƙananan injuna da za su shiga gareji. Kamfanin Delta, wanda Herbert Tautz ya kafa a birnin Milwaukee a 1919, yana cikin waɗanda suka fara irin wannan ƙira. Daga baya shirin talabijin na The New Yankee Workshop, wanda Norm Abram ya gabatar daga 1989 zuwa 2009, ya ƙara jawo mutane ga sana'ar.

Gyaran ginin

Abu na farko da ake dubawa shi ne rufi, domin yoyo kaɗan ya isa ya lalata katako ya kuma sa ƙarfe tsatsa. Tsofaffin gine-gine da yawa suna da rufi ko silin na asbestos. Ba a yanka shi ko huda shi, saboda ƙurarsa tana haddasa cutar huhu da sankara, kuma ƙwararru ne ya kamata su cire shi. Rufin kwano da babu silin a ƙarƙashinsa yana ɗaukar zafi da rana, da dare kuma raɓa takan taru a jikinsa ta ɗiga a kan kaya.

Daɓen siminti yana iya tsotso laima daga ƙasa ko da samansa ya bushe. Akwai gwaji mai sauƙi: a shimfiɗa leda a kan daɓen, a liƙe gefunanta, a bar ta kwana ɗaya. Idan an tarar da gumi a ƙarƙashinta, to daɓen yana buƙatar maganin laima kafin a ajiye komai a kai. A ƙasashe masu zafi akan kuma duba gindin bango ko akwai hanyar gara, a toshe duk wani tsagi da ke jikin daɓen.

A wasu ƙasashe doka ta tsara girman irin wannan gini. A Ingila, ɗakin da aka gina a cikin tazarar mita 2 daga iyakar fili ba ya wuce tsayin mita 2.5 sai da izinin hukumar tsara gari, kuma gine-ginen da aka ƙara ba sa cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da asalin gidan.

Laima da ajiyar katako

Katako yana shan laima daga iska, yana kuma sakinta, har sai ya daidaita da wurin da yake. Idan laimar iska tana kashi 50 cikin 100, ruwan da ke jikin katako yakan tsaya wajen kashi 9. Idan ta kai kashi 80, yakan haura zuwa wajen kashi 16. Idan ta sauka zuwa kashi 20, yakan koma ƙasa da kashi 5. Wannan sauyi yana sa katako kumbura ko ƙanƙancewa ta faɗinsa, amma tsawonsa kusan ba ya motsi. Idan ruwan jikinsa ya daɗe sama da kashi 20, fumfuna da ruɓa sukan kama shi.

A yankunan da tazarar damina da hunturu take da yawa, kamar arewacin Najeriya da kudancin Nijar, abin ya fi fitowa fili. Ƙofar da aka haɗa a watan Agusta takan buɗe baki a mahaɗanta idan hunturu ya kama, wadda aka yi daidai-wa-daida a watan Janairu kuma takan cije da damina. Haka ma katakon da aka ɗauko daga dazuzzukan kudu yana buƙatar ya huta a shagon na wasu makonni kafin a yanka shi.

Ana jera falankai a kwance, nesa da daɓe, a sa siraran sanduna a tsakaninsu kowane santimita 40 zuwa 60, kowace sanda daidai saman ta ƙasa da ita, domin iska ta ratsa kuma kada falankin ya lanƙwashe.

Tsarin wuri

Girman kayan da za a sarrafa shi ne ma'aunin wurin. Fallen filawud na kasuwa yana da tsawon santimita 244 da faɗin santimita 122, wato ƙafa 8 a ƙafa 4. Kafin a tsaga shi a kan injin zarto na tebur, ana buƙatar fili gwargwadon tsawonsa a gaban zarton da bayansa, kimanin mita 5 ke nan gaba ɗaya. Shi ya sa a ƙaramin gareji akan sa injin ya fuskanci ƙofa, ko a ɗora injuna a kan tayoyi domin a ture su gefe bayan aiki.

Akan jera wuraren aiki bisa yadda katako ke tafiya: ma'ajiya kusa da ƙofa, sai wurin yanka, sai wurin gyara fuska da haɗawa, sannan wurin fenti, wanda ya fi kowanne buƙatar tsabta. Teburin aiki yakan kasance kusa da taga, tsayinsa wajen santimita 85 zuwa 90, gwargwadon tsayin mai aikin. Zarto, guduma da sauran kayan hannu a jikin bango ake rataye su.

Idan ginin zai zama sito kuma, akan raba shi da bango ko labule mai kauri, domin ƙurar katako tana shiga ko'ina. Ana ɗora kaya a kan kanta, masu nauyi a ƙasa, tufafi da takardu kuwa a cikin akwatunan da ke rufuwa ruf. Ba a haɗa hatsi ko abinci wuri ɗaya da fenti da maganin ƙwari.

Lantarki

Manyan injuna suna jan wuta sosai a lokacin da aka kunna su, don haka akan ja wa shagon layinsa na kansa. Ana raba layin fitilu da na injuna, saboda kada wurin ya yi duhu alhali zarto yana juyawa. Ana kuma sa na'urar da ke katse wuta idan ta fara zurarewa, mai ma'aunin miliamfiya 30. Inda ake dogaro da janareta, a waje ake ajiye shi, nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa.

Ƙura da ƙara

A shekarun 1960 likitoci suka lura da yawaitar wata sankarar hanci a tsakanin masu ƙera kujeru na garin High Wycombe a Ingila. A 1995 hukumar binciken sankara ta IARC, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya ƙurar katako cikin rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo sankara. Ƙurar wasu itatuwa, kamar iroko, tana kuma tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Ƙurar da ta fi haɗari ita ce marar nauyi da ido ba ya gani, wadda takan daɗe tana yawo a iska bayan an kashe inji. Hanya mafi inganci ita ce a zuƙe ta tun daga bakin injin, a haɗa da takunkumi mai tace ƙura. Ƙarar injin zarto da na fere katako takan wuce desibel 85, matakin da yake lalata ji idan aka daɗe a cikinsa, don haka ake toshe kunne.

Gobara

Garin katako, fenti da man sirka shi duk masu saurin kama wuta ne. Tsummokaran da aka jiƙa da man linsid suna iya kamawa da kansu: man yana fitar da zafi yayin da yake bushewa, idan kuma aka tara tsumman wuri ɗaya zafin ba ya samun mafita. Irin wannan ne ya tayar da gobarar ginin One Meridian Plaza a birnin Philadelphia a watan Fabrairun 1991, inda 'yan kwana-kwana uku suka rasu. Don haka akan shanya tsumman a waje ɗaya-ɗaya har su bushe, ko a nutsar da su a ruwa cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Tukunyar kashe gobara kuwa a bakin ƙofa ake rataye ta, a bar hanyar fita babu komai a kai.