Richard Sweet Da Tarihin Bugu Da Ɗigon Tawada

Duk wanda ya taɓa kai rubutunsa shagon kwamfuta domin a buga masa, ya san 'yar na'urar nan da ake kira firinta, wadda kan zuƙe farar takarda ta fito da ita cike da rubutu, wani lokaci ma da sauran danshin tawada a jikinta. Mu marubuta mun saba da jin sunan Gutenberg, Bajamushen nan da ya fito da bugu da haruffan dalma a wajen shekarar 1450, har mukan koyar da shi a aji. Amma ƙalilan ne daga cikinmu za su iya faɗin waɗanda suka koya wa tawada tashi a iska ta je ta sauka inda ake so, ba tare da alƙalami ko harafin ƙarfe ya taɓa takarda ba. Mutane da dama ne suka sa hannu a wannan aiki, daga ƙasashe daban-daban, sai dai wanda muke so mu tsaya a kansa shi ne Richard Sweet, injiniyan lantarki a Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Dalilinmu kuwa shi ne, wannan bawan Allah bai tashi da niyyar ƙera na'urar buga littafi ba, kuma abin da ya ƙera ɗin ya fi yin amfani a wuraren da bai nufa ba.

A farkon shekarun 1960 Sweet yana aiki ne a ɗakunan binciken lantarki na jami'ar, kuma abin da ya dame shi matsala ce ta injiniyoyi tsantsa. Ƙarfin lantarki a cikin waya yakan hau ya sauka, kuma masu bincike suna bukatar su ga hoton wannan hawa da sauka a kan takarda. Na'urar da aka saba da ita tana da wani siririn hannu mai alƙalami a bakinsa, takarda na tafiya a ƙarƙashinsa shi kuma yana lilo yana zana layi, kamar dai wadda ake auna bugun zuciya da ita a asibiti. To amma alƙalami yana da nauyi komai ƙanƙantarsa. Idan lantarkin yana sauyawa sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, hannun ba zai iya binsa ba. Akwai wata hanyar ta haska tsinin haske a kan takarda mai jin haske irin ta masu hoto, sai dai takardar tana da tsada. Abin da Sweet ya nema shi ne alƙalamin da ba shi da nauyi, wanda zai yi rubutu da tawadar da kowa ya sani a kan takardar da kowa ya sani.

Ba daga sama ya tsinci dabarar ba. Mai karatu ya buɗe famfo kaɗan ya duba da kyau. Zai ga ruwan ya fito a miƙe kamar zare, amma kafin ya kai ƙasa sai ya tsintsinke ya zama ɗigo-ɗigo. Tun a shekarar 1833 wani masani Bafaranshe mai suna Félix Savart ya lura da cewa idan aka sa wa irin wannan zaren ruwa sauti mai kaɗawa daidai wa daida, to ɗigon ma za su fito daidai wa daida, girmansu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya. A shekarar 1878 kuma Lord Rayleigh na Ingila ya fitar da lissafin da ya bayyana dalilin tsinkewar. Wannan ilimi ya daɗe kwance a littattafai. Wanda ya fara kai feshin tawada kasuwa shi ne Rune Elmqvist na ƙasar Suwidin, likita ne da ya koma ƙere-ƙere, wanda a farkon shekarun 1950 na'urarsa ta zana bugun zuciya da feshin tawada ta shiga asibitoci. Sai dai a tasa na'urar bakin bututun ne yake juyawa yana watsa tawadar, kamar mai ban ruwa da mesa. Ke nan har yanzu akwai wani abu mai nauyi da dole sai ya motsa.

A nan ne Sweet ya bambanta da na gabansa. Ya bar bututun a tsaye wuri ɗaya, ya ce ɗigon ne za su karkata. Ya tura tawada da ƙarfi ta wata 'yar ƙofa da ba ta kai kaurin gashin kai ba, ya kuma sa bututun yana kaɗawa, ta yadda zaren tawadar yake tsinkewa ya ba da ɗigo kimanin 100,000 a kowace daƙiƙa. Daidai wurin da ɗigon yake rabuwa da zaren, sai ya kewaye shi da wani ɗan ƙarfe mai ɗauke da lantarkin da ake son aunawa. Kowane ɗigo, a lokacin da yake tsinkewa, yakan tafi da cajin da ya yi daidai da ƙarfin lantarkin na wannan ƙiftawar ido, kuma da zarar ya rabu ba shi da hanyar mayar da cajin. Daga nan sai ɗigon su wuce ta tsakanin wasu faranti biyu na ƙarfe masu ɗauke da lantarki mai ƙarfi wanda ba ya sauyawa. Ɗigon da ya ɗauki caji mai yawa sai a fizge shi gefe sosai, mai kaɗan a fizge shi kaɗan, wanda bai ɗauki komai ba ya wuce a miƙe. Malaman kimiyya sukan nuna wa ɗalibai ƙanin wannan abu a lokacin hunturu: a goga biro a gashin kai, a matso da shi kusa da siririn ruwan famfo, sai a ga ruwan ya lanƙwaso wajen biron. Bambancin kawai shi ne Sweet yana yi wa kowane ɗigo nasa hukuncin shi kaɗai, sau dubu ɗari kafin mutum ya ce kwabo.

Ya bayyana aikin a wani rahoto na jami'ar a shekarar 1964, sannan a wata mujallar masu ƙera kayan awon kimiyya a 1965, inda ya nuna cewa tawadar alƙalami ta yau da kullum ya yi amfani da ita. Wannan batu yakan ba mu dariya idan muka tuna cewa a yau masu firinta ba abin da suke kuka da shi kamar tsadar tawada. Shi da abokin aikinsa Raymond Cumming sun sami takardar mallakar ƙirƙira a 1968 kan wata na'urar mai jerin bututu da yawa, ita kuwa takardar ainihin ƙirƙirar tasa ta farko sai a 1971 ta fito.

'Yan kasuwa ba su ɓata lokaci ba wajen gane cewa abin da zai iya zana layi zai iya zana harafi, tunda harafi ba komai ba ne illa ɗigo da aka jera. Aka ƙara wa na'urar wata 'yar magudana da ke tare ɗigon da ba a bukata ta mayar da su tukunyar tawada, waɗanda aka yi wa caji kaɗai suke isa takarda. Kamfanin A. B. Dick na birnin Cikago ya fito da na'urarsa mai suna Videojet a ƙarshen shekarun 1960, kamfanin Mead ya bi hanyar bututu da yawa, sannan IBM ya kashe kuɗi masu yawa ya fito da tasa firintar ta ofis a 1976. Sai dai a ofis dabarar ba ta yi ƙarko ba. Na'ura ce mai famfo da matata da lantarki mai ƙarfi, tawada tana gudana a cikinta ko ana rubutu ko ba a yi, ga tsada ga neman kulawa. Inda ta sami gida shi ne masana'anta. Tunda ba sai ta taɓa abin da take yi wa rubutu ba, kuma ɗigonta suna iya tafiya da ɗan nisa, tana iya rubutu a kan gwangwani da kwalba da leda da waya da ƙwai, alhali suna gudu a kan bel. Mai karatu ya juya gwangwanin madara ko robar lemo, zai ga ranar da aka yi shi da ranar ƙarewar wa'adinsa an rubuta su da ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe. Galibin irin wannan rubutu da hanyar Sweet ake yin sa. Uwar da ta duba gindin gwangwani kafin ta dama wa ɗanta madara, rubutun wannan injiniya take karantawa.

Ita kuwa firintar da ke kan teburin shagon kwamfuta, gaskiya ita ce ba 'yarsa ba ce ta cikinsa, 'yar ɗan'uwa ce. Tana aiki ne da wata dabarar, wato kada a fitar da ɗigo sai an bukace shi. A shekarar 1977, a kamfanin Canon na ƙasar Japan, ƙarfen liƙi mai zafi irin na masu gyaran rediyo ya taɓa allurar sirinji mai tawada, sai tawadar ta yi tsartuwa, Ichiro Endo da abokan aikinsa suka bi diddigin abin. A 1979 John Vaught na kamfanin Hewlett-Packard a Amurka ya isa ga dabara iri ɗaya ba tare da sanin abin da ake yi a Japan ba. A taƙaice, ana zafafa tawada ne a cikin wani ɗan mitsitsin ɗaki har ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo ɗaya waje. Ba famfo, ba magudana, saboda haka ba tsada. ThinkJet ta fito a 1984, DeskJet a 1988, daga nan abin ya bazu duniya.

A nan ya kamata mu ɗan ratse, domin akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Waɗanda suka yi zamani da tafireta sun san wahalar ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin tafiretocin da ke ofisoshi da makarantu ba su da su, sai an gama bugu a bi da biro ana sa wa haruffa ƙugiya, ko kuma a bar su haka nan, mai karatu ya yi ta laluben ko "kafa" ake nufi ko "ƙafa". A maɗaba'a ma sai an zuba harafin dalma na musamman. Amma na'urar da ke gina harafi da ɗigo babu ruwanta da siffar harafi. Ƙugiyar ƙ da lanƙwasar ajami duk ɗaya ne a wurinta, muddin kwamfuta ta san su. Ba feshin tawada kaɗai ne ya kawo wannan sauƙi ba, akwai firintoci masu allurai da masu hasken leza, amma yana cikin waɗanda suka kawo shi a farashin da ƙaramin shago zai iya saye. A ganinmu, littafin Hausa da ya fito yau babu ƙugiya ba shi da sauran uzurin da zai ɗora wa na'ura.

Sai dai reshen da ya fi ba mu mamaki a tarihin Sweet bai shafi takarda ba ko kaɗan. A cibiyar bincike ta Los Alamos, wadda aka fi sani da ƙera bam ɗin nukiliya, akwai wani matashin mai bincike, Mack Fulwyler. Suna da na'urar da ke auna girman ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya, kuma awon yana nuna kamar jajayen ƙwayoyin jini kashi biyu ne, manya da ƙanana. Gardama ta tashi: shin da gaske kashi biyu ne, ko kuwa na'urar ce take ruɗi? Hanyar raba gardamar ita ce a ware waɗanda na'urar ta kira manya a sake auna su, to amma da wane hannu za a tsince ƙwayar da ido ba ya gani? Fulwyler ya ci karo da aikin Sweet, ya tuntuɓe shi, ya ga cewa idan aka sa ruwa mai ƙwayoyin jini a madadin tawada, kowace ƙwaya za ta faɗa cikin ɗigo. A auna ta kafin ɗigon ya tsinke, a yi wa ɗigon caji gwargwadon awon, faranti biyun nan su jefa shi a wannan kwalba ko waccan. Ya buga sakamakon na'urar tasa a mujallar Science a 1965. Game da gardamar kuwa, ta tabbata na'urar awon ce take ruɗi.

Daga nan sai labarin ya sake komowa Stanford. Leonard Herzenberg, masanin gado da garkuwar jiki a makarantar koyon likitanci ta jami'ar, ya gaji da zama gaban madubin ƙara girma yana ƙirga ƙwayoyin halitta da ido. Ya je Los Alamos ya ga na'urar Fulwyler, ya samo zanenta. Abin da shi yake so ba rabewa ta girma ba ne, rabewa ce ta iri. Ana shafa wa ƙwayoyin wani rini da ke manne wa iri ɗaya kawai, wanda kuma yake ƙyalli idan haske ya doke shi. Wadda ta yi ƙyalli a jefa ta dama, wadda ba ta yi ba ta wuce. Shi kansa Sweet ya shiga cikin ayarin Herzenberg, kuma sunansa yana cikin mutum huɗu da suka rubuta maƙalar 1972 wadda ta bayyana na'urar da aka sani da FACS, mai aiki da hasken leza. Kamfanin Becton Dickinson ya fara sayar da ita a tsakiyar shekarun 1970.

Da wannan na'ura masana suka iya ware fararen ƙwayoyin jini iri-iri waɗanda a ido duk kamarsu ɗaya, suka gane aikin kowanne a garkuwar jiki, suka kuma iya tsamo ƙwayoyin da jini ke tsirowa daga gare su a cikin ɓargo. Da cutar ƙanjamau ta bayyana a farkon shekarun 1980, aka gane cewa wani iri ne na fararen ƙwayoyin, wanda ake kira CD4, take cinyewa. Na'urorin da asibitoci suke ƙirga CD4 da su 'yan gida ɗaya ne da ta Herzenberg, ko da yake su ƙirgawa kawai suke yi, ba sa tsincewa. Shekara da shekaru wannan ƙirge ne yake yanke wa likita hukuncin lokacin da zai ɗora majiyyaci a kan magani, a nan ƙasashenmu da sauran duniya, har zuwa 2015 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ba duk mai ɗauke da ƙwayar cutar magani ba tare da jiran adadin ya sauka ba. A shekarar 2006 aka ba Herzenberg lambar yabo ta Kyoto a ƙasar Japan saboda wannan na'ura. A maƙalar 1972 kuwa, sunan Sweet ne na uku, bayan na Bonner da na Hulett.