Tarihin Ƙwayoyin Nono da Tutiya

Tun zamanin kaka da kakanni matan Filani ke ajiye madara a ƙwarya, gari ya waye ta zama nono, amma ba wanda ya san mai yin wannan aiki. Sai cikin 1780 wani mai haɗa magunguna na ƙasar Suwidin, wai shi Scheele, ya ware ruwan tsamin daga nono. Cikin 1857 kuma Pasteur na Faransa ya nuna waɗansu ƙwayoyi ne masu rai ke kawo tsamin, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita.

To, ina abin da ya gama su da tutiya, ƙarfen nan da a ke shafe kwanon rufi da shi? Cikin 1961 wani likita Ba'indiye, Prasad, ya ba da labarin waɗansu samarin ƙauye a ƙasar Iran, 'yan shekara ashirin, jikinsu kamar na yara, ba su balaga ba. Abincinsu gurasar alkama ce kusan kullum. Ya yi zaton ƙarancin tutiya ne a jiki, ya tabbatar da haka a Masar cikin 1963. Abin mamaki, akwai tutiya cikin hatsin, sai dai wani abu a dusarsa ya ƙulle ta, hanji ba ya iya ɗauka. Idan ƙullu ya yi tsami, ƙullin nan ya kan kwance. Ashe matar da ke bari kamu ya kwana kafin ta dama koko ta riga likita, ko da ya ke ba ta san sunan abin ba.

Daga baya aka gane ƙwayoyin su da kansu suna kama ƙarfe. Bayan fatarsu na jawo tutiya da dalma su manne, kamar ƙarangiya a riga. Masanan Turku a ƙasar Finlan sun gwada cikin 2007, suka ga suna tsame dalma daga ruwa nan da nan, har matattun da aka tafasa ma suna yi. Amma in tsami ya yi yawa, riƙon ya kan yi sanyi.

Kada mai karatu ya ɗauka nono maganin gubar dalma ne. Cikin 2010, da dalmar wurin haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a Zamfara, sai da aka kwashe ƙasar gidaje, aka ba yaran maganin asibiti.