Daga Rini Zuwa Fitila: Tarihin Gano Tarin Fuka a Zariya

Gabatarwa

Tun kafin zuwan likitancin zamani Bahaushe ya san tarin fuka da alamominsa, wato tari mai daɗewa, da rama, da gumin dare, da kakin jini. Abin da ya gagara shi ne ganin mai haddasa ciwon. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda gwajin ya tashi daga kallon jikin ƙwayar cutar ya koma karanta rubutun cikinta.

Zamanin Rini

A 1882 wani Bajamushe, Robert Koch, ya gano ƙwayar, sannan Ziehl da Neelsen suka kyautata hanyar rina ta. Akan shafa kaki a gilashi, a rina, a duba da madubin likita, sai ƙwayoyin su fito jajaye kamar 'yan sanduna. Da wannan dabara aka yi shekaru ana aiki a asibitin Tudun Wada, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna kafin ƙaurarsa Shika a 2005. Sai dai ido ba ya kama ƙwayoyin in ba su kai kimanin 5,000 zuwa 10,000 a mililita guda ba. Renonsu a ɗakin gwaji kuwa yakan ci mako shida ko fiye. Saboda haka akan sallami maras lafiya da cewa ba a ga komai ba, ya koma gida yana harbin iyalinsa.

Zamanin Fitila

Mafita ta ɓullo daga sinadarin gado, wato DNA, wanda Friedrich Miescher ya tsamo daga mugunyar bandeji a 1869. A 1953 Watson da Crick suka nuna cewa igiya ce mai tufka biyu, mai haruffa huɗu, kowane harafi da abokin da yake kamawa. A 1983 Kary Mullis ya fito da hanyar juyar guntun wannan rubutu sau miliyoyi. A 1996 Tyagi da Kramer suka ƙera ɗan zaren sinadarin a lanƙwashe, bakinsa ɗaya da rini mai haske, ɗayan da abin da ke dushe hasken. Muddin zaren bai gamu da abokan haruffansa ba, duhu ne. Da zarar ya gamu da su sai ya miƙe, fitila ta kama.

A kan wannan aka gina na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Disamba 2010, Nijeriya ta karɓe ta a 2011, ta mai da ita gwajin farko a 2016. Gwajinta na asali yana da fitilu biyar masu duba haruffa 81 na gadon ƙwayar. Kamawarsu shaida ce akwai cutar. In ɗaya ta ƙi kamawa, ƙwayar ta bijire wa maganin rifampicin. Duk wannan cikin awa biyu. Cibiyar Horaswa Kan Tarin Fuka da Kuturta ta Saye, kusa da Zariya, tana cikin wuraren da aka koyar da ma'aikata wannan aiki.

Kammalawa

A da, amsar gwaji biyu ce: an gani, ko ba a gani ba. Yanzu ga ta uku, wato akwai cutar amma magani ba ya cin ta. In ba a fayyace wa maras lafiya wannan da Hausar da zai fahimta ba, yana iya ɗauka sammu ne, ya watsar da asibiti. Samar da kalmomin nauyi ne a wuyan masana harshe, tare da likitoci.