Tarihin Kalmar Divert da Masu Tattara Kalmomi a Ingila

Kalmar divert, wadda Turawan Ingila suke amfani da ita idan ana maganar karkatar da abu daga hanyarsa, ta samo asali ne daga divertere ta harshen Latin, wato juyawa gefe, kuma ta shiga Turanci ta hannun Faransanci a ƙarni na 15, a zamanin da Ingila take ci gaba da aron kalmomi daga Faransa tun bayan mamayar Normawa ta shekarar 1066. Da ita ake bayyana sauya wa kogi magudana ko kawar da matafiyi daga turbarsa, amma a ƙarni na 17 ma'anarta ta faɗaɗa har ta haɗa da nishaɗantarwa, domin an ɗauki wasa da shagali a matsayin abin da yake kawar da zuciya daga damuwarta. Masanin Faransa Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, ya yi dogon nazari a kan wannan ma'ana a littafinsa Pensées da aka buga a 1670, inda ya nuna cewa farauta da caca suna shagaltar da mutum ne don kada ya zauna shi kaɗai ya tuna mutuwa.

'Yan'uwan wannan kalma kowace da tushenta, kuma tushen ne yake bayyana bambancinsu. Distract ta fito daga distrahere, wato ja ta ɓangarori dabam-dabam har abu ya rabu, shi ya sa a zamanin Shakespeare ake kiran wanda hankalinsa ya gushe da ita, alhali deflect tana ɗauke da ma'anar lanƙwasawa, kamar yadda garkuwa take kautar da kibiya. Sidetrack kuwa daga aikin jirgin ƙasa aka haife ta a ƙarni na 19, inda ake janye taragu zuwa layin gefe.

Yawan irin waɗannan kalmomi ne ya haifar da sana'ar tattara su da rarrabe su. Hester Piozzi ta wallafa littafinta na irin waɗannan kalmomi a 1794, George Crabb ya biyo baya a 1816, sannan likita Peter Mark Roget ya fitar da Thesaurus a 1852, kundin da ya jera kalmomi bisa ma'ana maimakon bin haruffa, ƙarƙashin kanu dubu. Aikinsu yana da amfani ga mai fassara zuwa Hausa a yau, wanda dole ne ya tantance ko divert tana nufin karkatar da kuɗin jama'a, ko ɗauke hankali, ko ɗebe kewa, domin abin da Turanci ya dunƙule a kalma ɗaya, Hausa ta ba kowanne sunansa.