Yadda Ake Intabiyun Aikin Injiniyan Manhaja, Mataki-Mataki

 Tambayar da ƙannenmu suka fi yi min ita ce: wanda ya koyi haɗa manhaja, yaya ake masa intabiyu in ya nemi aiki? Daga Lafiya nake rubutu. Mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa kudu, karatuna na boko kuma a sakandare ya tsaya. Kodin a intanet na koya, kuma na zauna intabiyu da dama daga cikin ɗakina.

Yawancin kamfanonin da ake hari suna Legas, irin su Interswitch, Flutterwave, Moniepoint da Paystack, wanda Stripe na Amurka ya saya a 2020. Akwai kuma Andela, da aka kafa a 2014, mai haɗa injiniyoyi da kamfanonin waje. Tun zuwan korona intabiyu da yawa ya koma Zoom da Google Meet, don haka ɗan Lafiya da ɗan Yaba layi ɗaya suke bi. Layin kuma da tsawo: ga masu digiri, ga waɗanda suka fito daga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Kowane kamfani da tsarinsa, amma galibi ga yadda abin yake.

1. Tace takardu
Za ka tura CV da adireshin shafinka na GitHub. Bankuna da wasu manyan kamfanoni kan nemi digiri da takardar NYSC. Ƙananan kamfanoni sun fi duba abin da ka haɗa da hannunka. Manhaja ɗaya mai aiki, ko ta lissafin bashin shago ce, ta fi satifiket biyar na kwas.

2. Kiran farko
Ma'aikacin sashen ɗaukar aiki ne zai kira, kamar minti 20 zuwa 30. Zai ce ka gabatar da kanka, ya tambayi inda ka taɓa aiki da albashin da kake so. Turanci mai sauƙi ya isa, ba sai ka karya harshe ba.

3. Gwaji mai agogo
Za a turo maka tambayoyi a HackerRank ko Codility, sau da yawa na awa ɗaya zuwa biyu. In ka danna farawa agogo ba ya tsayawa, ko an ɗauke wuta. Wasu kamfanoni aikin gida suke bayarwa na kwana biyu ko uku. Ka tambaya tun farko awa nawa suke sa ran zai ci. Wani kamfani ya taɓa ba ni aikin da ya cinye min mako guda, na tura, har yau ko "mun gani" ba su ce ba.

4. Kodin a gaban injiniya
Nan ne gumin yake. Zai ba ka matsala, kana rubutu yana kallo. Ga misalin da ake yawan yi, na mayar da shi harkar gidanmu: an ba ka farashin shanu 1,000, a ce nemo biyu da kuɗinsu zai tashi miliyan biyu daidai. Hanyar farko, ka gwada kowace saniya da kowace, wato gwaji kusan 500,000. Hanya ta biyu, kana bin jerin kana ajiye farashin da ka gani a teburin da ake dubawa nan take. Ga kowace saniya sai ka tambaya: cikon kuɗin nan na riga na gan shi? Zagaye ɗaya ka gama.

Abin da suke auna shi ne yadda kake tunani. Mu an tarbiyyantar da mu da kawaici a gaban manya, amma a nan shiru asara ne. Ka maimaita tambayar da bakinka, ka tambayi abin da bai fito ba, ka faɗi hanya mai sauƙi tukuna, sannan ka gyara. In ka maƙale, ka faɗi inda ka maƙale, sau da yawa za su ɗan haska maka. LeetCode na da irin waɗannan tambayoyi kyauta. Ka riƙa warware su kana magana da ƙarfi.

5. Tambayar hali
"Ba mu labarin lokacin da kuka saɓa da abokin aiki." Ka shirya labarai biyu ko uku na gaskiya: me ya faru, me ka yi, yaya aka ƙare. A nan ne kuma za ka yi maganar Juma'a da lokutan salla, tun kafin a sa hannu.

6. Cinikin albashi
Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san mai gaggawar faɗin kuɗi shi ake kwara. Ka fara tambayar abin da suka ware wa kujerar. Ka tabbatar kuɗin da aka faɗa kafin cire haraji ne ko bayansa. A dokar fansho ta 2014, ma'aikaci na ba da aƙalla kashi 8, kamfani kashi 10. Ka tambayi inshorar lafiya, laftof da kuɗin data. In sai ka koma Legas, ka lissafa haya da mota kafin ka ce ka sallama. Kada ka bar aikin da ke hannunka sai takardar ɗauka ta iso.

Kafin ranar
Ka cika cajin laftof da fawa bank, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban. Ka nemi ɗaki marar hayaniya. In kamfanin na Ingila ne, ka duba agogo: lokacin sanyinsu muna gabansu da awa ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma lokacinmu ɗaya.

Gargaɗi na ƙarshe: kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗin fom, ba ya neman BVN ko lambar sirrin katinka a WhatsApp. Duk wanda ya ce ka biya kafin intabiyu, ɗan damfara ne.

In an ce ba a ɗauke ka ba, ka rubuta tambayoyin da aka yi maka tun ba ka manta ba, za su sake fitowa a gaba. Allah Ya ba mai rabo sa'a.